Injin jirgin ruwa a garin da babu kogi

A wannan wata za mu kai ku Gure, cikin jahar Damagaram. Wanda ya san Gure ya san ba garin ruwa ba ne. Babu kogi, babu gulbi, babu kwalekwale ko ɗaya. Amma a can ne na ga an kwana biyu ana fama da injin jirgin ruwa. Kada mai karatu ya ce wannan magana ba ta shafe shi ba. In kana da injin ban ruwa a garka, ko moto a gida, to wutar da ke tada su ƴar'uwar wannan ce.

Na tashi daga Damagaram da sassafe, cikin watan Janairu na 2020. Hunturu ne, hazo ya rufe gari, kowa cikin mota ya naɗe fuska. Daga Damagaram zuwa Gure kilomita 160 ne da ɗoriya, bisa kwalta, ana fuskantar gabas. Muka wuce Mirya da kukokinta. Muka iso Gidimuni. A nan ya kamata matafiyi ya cika idonsa da ruwa, ga tafki, ga dabino, ga rake, don gaba rairayi ne ya fi yawa. Bayan Gidigir itatuwa suka fara raguwa. Sai tudu bayan tudu, da duwatsun ƙasar Muniyo tsaye cikin hazo.

Gure tsohon gari ne, mazaunin sarakunan Muniyo. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka garin a watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Koso, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. In ka shiga kasuwa za ka ga Mangawa da Hausawa da Fulani da Buzaye, da Tubawa masu gangarowa daga wajen Tasker da raƙuma.

Arzikin ƙasar yana cikin kwari. Baƙo na iya wuce kwari bai sani ba, don a ɓoye yake tsakanin tuddai. Sai ka hau tudu ka leƙa, ka ga kore a ƙasa kamar an ajiye ƙwarya. Goriba a gefe, dabino daga ciki, sannan rogo da albasa, tsakiya kuma farar kanwa. Ruwa na kusa a kwari, shi ya sa injin ban ruwa ya yawaita. Amma rairayi na tafiya. Mutanen Kilakina da maƙwabtansu sun san wahalar kafa shinge bisa tudu don kada ya binne musu garka. Wannan aiki na zo gani. Labarinsa sai wani watan, don wani labari ya tare ni a hanya.

Abin da aka sauke daga amalanke

Washegari ina zaune rumfar wani makaniki kusa da tasha, ina jiran a gyara moton da zai kai ni kwari. Sai ga amalanken jaki. An ɗauko wani abu naɗe cikin tabarma da tsohon bargo, kamar marar lafiya. Wani dattijo na biye, da ɗansa saurayi. Da aka kwance, yara suka taru. Wani ya ce injin niƙa ne. Wani ya ce na ban ruwa ne. Abu ne mai kai kamar ƙaton masaki, da doguwar ƙafa guda ɗaya, da ƴar fanka a ƙarshenta. Dattijon ya ce: "Injin jirgi ne. Doki 15."

Aka ɗora shayi, ya ba mu labari. Shi haifaffen wani kwari ne kudu da Gure. Farin 1984 ya cinye masa dabbobi, ya tafi ci-rani. Ya bi kwaltar nan da ake kira Hanyar Haɗin Kai, wadda ƙasar Kanada ta taimaka aka shimfiɗa daga Gure zuwa Ngigmi cikin shekarun 1970, fiye da kilomita 400. Ya wuce Gudumariya, ya wuce Maine-Sorowa, ya kai Difa. Amma lokacin babu ruwa a ɓangarenmu na tafkin Cadi. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye, ya bar Ngigmi cikin rairayi. Sai ya ƙetara Najeriya, ya koyi su wurin Hausawan Doron Baga. A can ya sayi injin, tsohon hannu ne tun lokacin. Da ruwa ya komo ɓangaren Nijar wajen ƙarshen shekarun 1990, ya biyo shi. Yana kama tarwaɗa da karfasa, a yi banda, a kai kasuwar Doro Lelewa.

Sauran labarin duk mun san shi. A watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci. Ran 25 ga Afrilu suka faɗa wa tsibirin Karamga. Hukuma ta ce kowa ya bar tsibirai. Dubban mutane suka fito, da yawa a ƙasa, cikin zafin bazara. Dattijon ya ce: "Jirgi na bar shi. Taru na bar shi. Wannan kaɗai na ce ba zan bari ba." Injin ya kusa kilo 40. Shi da ɗansa suka rataye shi a sanda, suna tafiya suna hutawa, har suka samu mai raƙumi. Daga nan babbar mota ta kawo su Gure. Ya jingine shi a lungun ɗaki, shekara biyar saura kaɗan.

A 2019 hukuma ta ɗage hanin kamun kifi da cinikinsa. Wani tsohon abokinsa a Ngigmi ya aiko da saƙo. Yana da jirgi, ba shi da inji. In injin na tashi, yaron ya zo da shi su raba riba. In kuwa ba ya tashi, mai sayen ƙarafa ya riga ya taya shi da kilo, yaron kuma ya ce shi Libiya zai nufa. Sun ja igiya a gida har kafaɗa ta sage. Inji ko tari bai yi ba.

Makanikin ya zagaya injin sau biyu. Ya ce: "Baba, ban taɓa buɗe irin wannan ba, gaskiya ke nan. Amma in fetur yake sha, to da wuta yake tashi. Wuta kuwa na san gidanta."

Dattijon ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Ba a tada injin jirgi a tudu. Cikin ƙafarsa akwai ƴar fankar roba mai jawo ruwa sama don sanyaya inji. In ta juya a bushe, kafin minti guda ta ƙone. Dole aka nemo tano, wato duro, aka kafa katako mai kauri a bakinsa, aka ɗaure injin, ƙafarsa a ciki. Bido 8 masu lita 25 aka juye kafin ya cika. A Gure wannan ba ƙaramin ruwa ba ne. Wata tsohuwa mai tallan ƙosai ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin an yi wa ƙarfe wanka da ruwan saye ba. Aka kuma cire farfela, fankar nan mai tura jirgi, don kada ta sare hannun wani.

Mai, da matsi, da wuta

Makanikin ya ce wa yaran shagonsa abu uku inji ke so: mai, da matsi, da wuta a kan lokacinta. Na biyun farko bai daɗe kansu ba. Tsohon fetur an zubar, don fetur na lalacewa in ya daɗe. An wanke karburato. Dattijon da kansa ya gauraya sabo, don irin wannan inji da fetur da man inji a haɗe yake shan su. Injuna da yawa rabin lita na mai ake zuba wa lita 25 na fetur. Wasu tsofaffi sun fi son ninki biyun haka. A bi abin da aka rubuta wa injin. Matsi kuwa, ya cire buji, ya toshe ramin da babban yatsa, aka ja igiya a hankali. Iska ta ture yatsan, sama da ƙasa. To, saura wuta.

A nan bari in tsaya in yi bayani, don ni ma sai da aka yi mini.

Injin nan ba shi da batir. To daga ina wuta ke fitowa? A samansa akwai faifan ƙarfe mai nauyi, shi igiya ke juyawa. Makanikai na ce masa bolan. Cikin bakinsa an dasa mayen ƙarfe. A ƙarƙashinsa akwai bobin, wato siririyar waya da aka naɗe dubban zagaye. In mayen ƙarfe ya gilma kusa da bobin, sai lantarki ya taso, amma rarrauna. Akwai kuma wasu ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar bakin tsuntsu. Mu nan falatin ake ce musu, a Najeriya kwantak. Aikinsu su datse wannan lantarki farat ɗaya. Mai garka ya san abin da ke faruwa in ruwa na gudu cikin tiyo ka danne bakinsa da yatsa: tsalle yake yi. Haka lantarki ke tsalle cikin bobin, ya wuce bolt 10,000, alhali na gida 220 ne. Ya bi waya mai kauri zuwa buji, wanda wasu ke ce wa fulogi. A bakin buji akwai ɗan rata. Sai ya tsallake ratan, ya ba da tartsatsi kamar na ƙyastu, fetur ya kama. Na ƙarshe shi ne kondansa, ɗan gwangwani bai kai yatsa ba. Shi ke shanye tartsatsin da zai tashi a bakin falatin, don kada su ƙone.

Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irin wannan wuta a 1902. A 1909 kuma wani mutum a Amurka, Ole Evinrude, ya fara sayar da injin da ake ratayawa a bayan kwalekwale. Injin dattijon silinda biyu gare shi, wato ɗaki biyu inda fetur ke ƙonewa, ɗaya bisa ɗaya. Saboda haka kome biyu ne: buji biyu, bobin biyu, falatin biyu, kondansa biyu. A riƙe wannan, zai yi amfani gaba.

Daga waje ake farawa

Saurayin ya ƙagara. Ya ce wani ya gaya masa bobin ne, a sayo sababbi daga Najeriya a huta. Makanikin ya ce: "Ƙanena, kuɗinka na yi maka nauyi ne? Bari mu tambayi buji tukuna. Shi ba ya ƙarya."

Buji na faɗin abin da ke cikin inji, in ka iya duba bakinsa. In ya yi kalar ƙasa, ja-ja a bushe, inji lafiya lau. In baƙi ne jiƙe da mai, ko mai ya yi yawa cikin fetur, ko wuta ba ta da ƙarfi. In ya yi fari fat kamar toka, inji na zafi fiye da kima. In ka ga ɗigon ruwa ko tsatsa, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Na dattijon, na sama kalar ƙasa ne. Na ƙasa baƙi ƙirin, ya yi danƙo. Makanikin ya ajiye su dabam dabam, ya ce kada a gauraya.

Wani yaro ya kawo bujin moto. Dattijon ya hana. Buji iri iri ne, wani dogo wani gajere, kowane da lambarsa a jiki. Dogo na iya taɓa fistan. Sai ya laluba aljihu ya fito da gwangwanin shayi, ciki buji biyu sababbi naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Tun daga tafki suke tare da shi. Ya ce masunci ba ya shiga ruwa babu buji a aljihu. Makanikin ya duba ratan bakinsu. Bai kai milimita ɗaya ba, kamar kaurin farcen babban yatsa.

Ga yadda ake gwada wuta. A sa buji cikin hularsa. A danna jikinsa na ƙarfe bisa ƙarfen inji, nesa da ramin buji, don tururin fetur na fitowa ta nan, yana iya kamawa. A riƙe da busasshen itace, ba da hannu ba. A ja igiya da ƙarfi. Da rana tsaka ba a ganin tartsatsi sosai, shi ya sa suka yafa bargo bisa kansu, kamar masu turare.

Aka ja. Babu kome a sama. Aka ja. Babu kome a ƙasa.

Saurayin ya ce: "Ka gani ko, Maigida? Bobin ne." Ni ma a raina haka na ce. Makanikin ya kurɓi shayi, ya ce: "In awaki biyu suka kwanta rana ɗaya, ba ka duba kowace da ciwonta. Rijiyar da suka sha tare kake dubawa." Bobin biyu ba su cika mutuwa lokaci guda ba. Mene ne ya haɗa su? Wayar kashe inji. Maɓallin da ake dannawa inji ya mutu, aikinsa ya karkatar da wuta kada ta kai ga buji. In rigar wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, daidai yake da wani ya danne maɓallin bai saki ba. Ya bi wayar da yatsa tun daga hannun tuƙi har ƙarƙashin bolan. A wani lungu ya tarar ɓera ya ci rigar, jan ƙarfe a fili, manne da jikin inji. Shekara biyar a ɗakin da ake ajiye hatsi, ai ɓera ya samu gida. Ya raba wayar da ƙarfe, ya naɗe ta.

Aka sake ja. A sama wuta ta fito, amma ja-ja, rarrauna. A ƙasa shiru.

Sai ya musanya bujin, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama. Wannan dabara ba ta cin ko dala. In ciwo ya bi buji, laifin buji ne. In ya tsaya inda yake, a nemi gaba. Ciwo ya tsaya a ƙasa. Ya murɗe hular buji daga wayarta, ya ga bakin wayar ya yi kore. Ya yanke kaɗan har jan ƙarfe mai haske ya fito, ya mayar. Har yanzu shiru. Duk abin da ke waje an gama da shi. Sai a shiga ƙarƙashin bolan.

Wani yaron shago ya ɗauko guduma. Maigidansa ya daka masa tsawa. Ba a dukan bolan. Duka na raunana mayen ƙarfe, yana kuma iya ɓata sandar inji, a tashi daga ƙaramin gyara a koma babba. Da abin ja ake cire shi, shi kuwa ba shi da na wannan inji. Ya auna ramuka ukun da ke bisa bolan, ya aika wurin mai walda a yi masa faffaɗan ƙarfe mai huda uku da babban kusa a tsakiya. Kafin a gama an kira magariba. Moton da zai kai ni kwari tuni an gyara shi. Na ce wa mai moto sai jibi.

Kwana na biyu

Da hantsi aka ɗaura abin ja. Yana murɗa kusa da kile a hankali, sai muka ji ƙas, bolan ya saki. Abin da muka gani a ƙasa ya ba kowa dariya. Zanzaro ya yi gini har ɗaki uku. Ƙurar hunturu biyar ta kwanta bisa kome.

Aka hure, aka share. Makanikin ya duba bobin biyun da kyau, yana neman tsaga. Tsohon bobin rigarsa kan tsage, wuta ta riƙa zurarewa ta nan. Alamarsa, inji ya tashi da sanyi, in ya yi zafi ya mutu, in ya huce ya sake tashi. Wannan ba ya gyaruwa, sai sabo. Na dattijon babu tsaga ko ɗaya. Da an bi maganar saurayi, da an sayi abin da ba a bukata, ciwo kuma yana nan.

Falatin na sama dauɗa ce kawai ta rufe bakinsu. Na ƙasa kuwa sun ƙone, gefe ɗaya ya yi tudu, ɗayan ya yi rami. Makanikin ya ce wannan aikin mataccen kondansa ne. Ya juya wajen dattijon: "Baba, kafin ku baro tafki, injin nan ba ya ɗingishi?" Dattijon ya ce: "Ƙwarai kuwa, ɗana. Da ƙafa ɗaya yake tafiya in rana ta yi. Na yi ta sauya buji." Ga dalilin baƙin bujin nan na jiya. Ba shi ne mai laifi ba, wuta ce ba ta isa gare shi.

Ya zazzage wani gwangwani cike da kayan tsofaffin motoci masu ƙafa biyu, ya samu kondansa da ya yi daidai. Ya goge bakin falatin da ƴar siririyar zarto har suka yi sumul. Sannan ya ja farar takarda tsakaninsu, ya sake ja, har ta fito babu tabo. Ɗigon maiƙo ko ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta hana wuta, rairayi kuwa ba a rasa shi a Gure. Ya juya sandar inji har falatin suka buɗe iyakar buɗewarsu, ya daidaita ratan. Rabin milimita ne ko ƙasa da haka kaɗan, gwargwadon inji. Wanda ba shi da ma'auni, kwalin ashana na kusa da haka.

Zai mayar da bolan ke nan, sai ya tsaya. Tsakanin bolan da sandar inji akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar jinjirin wata, bai fi ƙwayar wake ba. Shi ke tsayar da bolan a mazauninsa. Na wannan inji ya tsage rabi, bolan ya goce kaɗan.

Dattijon ya riƙe baki. Ya ce ya tuna. Shekarun da tafki ya ƙafe, itatuwan ƙaya sun tsiro a gadonsa har suka zama kurmi. Da ruwa ya komo ya shanye su, suka mutu a tsaye, kututtura suka rage ƙarƙashin ruwa. Ranar da suke fitowa cikin gaggawa, farfela ta daki kututture. Tun daga nan, in ya ja igiya sai inji ya fizge ta baya kamar jaki ya yi harbi.

Mata masu karatu za su fi saurin gane wannan. In biyu na lugude a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta. In ɗaya ta riga lokaci, sai karo. Haka wuta. Dole ta zo daidai lokacin da fistan ya kusa kaiwa ƙarshen matsi. In bolan ya goce, wuta na nan, kana ganinta a buji, amma ko ta riga ko ta makara. Mutum ya yi ta sauya kaya a banza. A ganina wannan ne mugun ciwo cikin duka, don ba ya nuna kansa sai an buɗe. Wani daga cikin ƴan kallo ya ce a yanka ƙusa a sa. Makanikin ya ƙi. Ya tafi da tsohon har shago uku kafin ya samu mai girmansa. Ya goge mazaunin bolan tas, bai shafa maiƙo ba, ya ɗaure kusa tamau. Sakakken kusa ma na karya wannan ƙarfe.

Gwajin ƙarshe ba da buji ya yi shi ba. Ya riƙe bakin waya da itace, nesa da ƙarfen inji kamar milimita 6, kaurin fensir. Dalili, cikin inji iska a matse take, wuta na shan wuya kafin ta tsallaka. Wadda ta tsallake ɗan ratan buji a waje tana iya kasawa a ciki. Aka ja. Tas! Shuɗiya, har ana jin ƙararta. Sama da ƙasa duka.

Aka mayar da buji. Dattijon ya matsa robar tiyon mai har ta yi tauri, ya ja cok, ya ce bismillahi. Ja na farko, shiru. Na biyu, tari. Na uku, inji ya ɗauka. Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe rumfa, ruwan tano na tafasa, jakin amalanke ya tsinke igiya. Yara na ihu. Amma dattijon bai yi murna ba. Ya leƙa bayan inji, nan da nan ya danna maɓalli ya kashe. Akwai ƴar huda inda ruwa ke tsartowa, masunta na ce masa fitsarin inji. Shi ke nuna ruwa na zagayawa. Bai fito ba. Aka zura siririyar waya cikin hudar, sai ga jar ƙasa. Zanzaro ne nan ma. Aka sake tadawa, ruwa ya tsarto. Duk da haka ya gargaɗi ɗansa ya sauya fankar robar kafin ya shiga tafki, don robar da ta shekara biyar a zaune ba abin yarda ba ce.

Suka bar shi yana aiki wajen rubu'in awa, don a ga halinsa in ya yi zafi. Aka kashe, aka ja sau ɗaya, ya tashi. Dattijon na zaune bisa turmi, hannunsa kan hannun tuƙi, ga rairayi ko'ina. Bai ce kome ba.

Na tambayi makanikin, masu injin ban ruwa fa? Ya ce: "Mushe, na yanzu ba su da falatin, an rufe kome cikin bobin ko cikin ɗan akwati, ba a buɗewa. Fetur zalla suke sha, mai kuma gidansa dabam. Amma hanyar ɗaya ce: buji, hula, wayar kashewa, sannan a shiga ciki." Ya ƙara da cewa da yawansu suna da wani abu mai yanke wuta in man inji ya ragu. Sau da yawa ana ɗauko masa inji daga kwari mai nisa, an ce wuta ta mutu, ashe mai ne ya yi ƙasa, ko an girke injin a karkace.

Wani yaro Bafulatani ya matso da awakinsa wajen tano. Aka kore su. Ruwan ya gauraya da mai da hayaƙi, ba na dabba ba ne, ba na shuka ba ne. Aka kai shi nesa da rijiya aka zubar.

Ba kowa ya ji daɗin tashin injin ba. An ce uwar yaron ta so a ce ya mutu, don lokacin tafkin bai kwanta ba, kowa ya san haka. Amma Libiya ma ba ta so. Ban san abin da zan ce mata ba, da ta tambaye ni.

Bayan kwana uku na komo daga kwari, na tarar da su a tasha. Ana ɗora injin bisa motar Difa, naɗe cikin tabarmarsa. Dattijon ya miƙa wa ɗansa gwangwanin shayi, da tsofaffin bujin biyu an wanke su. Sannan ya ɗaga kai wajen yaron mota: "Ɗana, a hankali. Kai ya fi ƙafa bisa. In ka kwantar da shi ƙafa a sama, ruwan da ya rage zai koma cikin inji." Yaron mota ya sa buhun kanwa ya tada kan, ya ja igiya ya ɗaure.